Kwana Tara na Fensir

6 ga Janairu

Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna. Yaya gwiwar? Mama ta ce har yanzu kai kake hawa tsani kana gyaran indararo, kamar babu kafinta a garin. Don Allah ka bari. Ni lafiyata ƙalau, in ban da wuyan nan da zaman kwamfuta ya riƙe. Da kunnenka yana jin waya da na kira ka na yi ta zuba har batir ya mutu, amma tunda ka ce takarda ce kaɗai ba ta sa ka cewa "me kika ce?", to ga takarda.

Albishirinka, kogin ya tafi daidai. Ka san shekara huɗu ke nan ina gina kogin garinku a cikin kwamfuta: faɗinsa, zurfinsa, duk inda ya lanƙwasa, da gangaren kowane titi da ke bakinsa. Sai in zuba masa ruwan sama na lissafi in ga inda zai kai. Da can sai injin ya yi kwana uku kafin ya ba da amsa ɗaya. Hanyar lissafin da na fito da ita ta mai da abin minti arba'in. Farfesan da nake ƙarƙashinsa, mutumin da bai taɓa ce wa kowa sannu da aiki ba, ya tsaya a bayana ya ce "ba laifi". A wurinsa an gama yabo ke nan.

Amma kogin kwamfuta bai san komai ba sai abin da aka koya masa, kuma da littattafanka na koya masa. Shekara talatin da ɗaya kana zuwa bakin sandar awo kowace safiya kana rubuta tsayin ruwa. Babu mai irin wannan a nan. Abokan aikina sukan zo su leƙa fotokwafin da Mama ta aiko mini, suna tambaya wai wane ne mai rubutu haka kamar na inji. In na ce ɗan baffan mahaifiyata ne sai su rikice, sai in ce kawuna ne kawai.

Ga amfanin abin. Hukumar ruwa za ta gina katangar tare ambaliya a gefenku, kuma kamfanin da zai yi zanen rahotonmu yake jira. Tsohon tsari ya ce mita takwas. Littattafanka sun nuna ko a shekarar babbar ambaliya ruwa bai wuce 5.95 ba, saboda haka lissafina ya ce mita shida da rabi ya isa, har da rara. Ni zan sa hannu a rahoton, kuma a kansa kundin digirina ya tsaya. An sa ranar kare kundin ashirin ga Afrilu. Dole in gama a ranar, don takardar zamana a nan da ƙarshen Mayu take ƙarewa.

Na gaji, Kawu, ba zan ɓoye maka ba. Ɗakin aikinmu a ƙarƙashin ƙasa yake, tebur tara, babu taga. Ba na sanin ana ruwa sai wani ya shigo da jiƙaƙƙiyar lema. Ɗakin kwanana yana da taga, amma bangon maƙwabta take kallo. Mama kuwa ta riga ta cika dangi da "Dakta", har ta kai ɗinki.

Ka gaida Inna sosai.

Uwarka.


23 ga Janairu

Uwata,

Na samu wasiƙarki na karanta sau uku, biyu don daɗi, ɗaya don yanar idon nan da take mai da mini bakwai ta koma ɗaya. Muna lafiya. Gwiwa tana nan, ita ke gaya mini yanayi kafin rediyo. Zancen tsani kuwa, mahaifiyarki tun tana yarinya ba ta iya ganin abu ta yi shiru, kuma indararon ya gyaru.

Sunan mahaifiyata aka sa miki. Ita ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma ko ƙwai nawa kowace kaza ta yi a wata ta sani. To ga inda abin ya ɓullo. Na yi murna, har Innarki ta ce in daina tsare mai kawo burodi ina karanta masa.

Mu da muka yi aikin nan ba mu taɓa zaton za a wayi gari wani ya nemi littattafan ba. Sanda ce ta ƙarfe kafe a ƙafar gada, fari da baƙi, daga sifiri zuwa mita shida. Ka sauka matakala ashirin da biyu, ka durƙusa har idonka ya yi daidai da fuskar ruwa, don in ka karanta daga sama ruwa ƙarya zai yi maka. Ka jira igiyar ruwa ta kwanta, ka rubuta. Shi ke nan aikin. Na yi shi da zazzaɓi. Na yi shi ranar da aka haifi babbar 'yata, uwar tana naƙuda ni ina can ina durƙuso, kuma har yau ba ta yafe ba.

Abu ɗaya ya ɗan tsaya mini. Mita shida da rabi kamar ya yi gajere a idona. Amma ni tsohon mai awo ne ba injiniya ba, ke kika san abin da injinki ya gani. Na dai san kin ware na fensir, ba sai na faɗa miki ba. Ai kowa ya sani, abin da ido ya gani da biro ake rubutawa, abin da aka kintata da fensir. Ogan ofishinmu na lokacin yakan ce takardar gwamnati ba ta da gurbin "ban sani ba". Shekarar babbar ambaliya kuwa fensir ya sha aiki.

Ki riƙa fitowa daga ramin nan kina ganin rana. Dakta mai kalar rashin lafiya ba ta yi mana ba.

Kawunki, kuma ɗanki.


9 ga Fabrairu

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan ido da sauƙi. Ina lafiya. Ta masu saƙon gaggawa na aiko wannan, ka yi haƙuri da gajartarta.

Wane fensir? Kawu, ban taɓa ganin littattafanka da idona ba. Fotokwafi Mama ta yi mini a shagon bakin tasha, kuma a fotokwafi komai baƙi ne. Biro baƙi, fensir baƙi. Da na karanta layin nan na fito da shafukan shekarar ambaliya na sa su ƙarƙashin fitila, na bi su da gilashin ƙara girma, babu abin da ya bambanta. 5.80, 5.90, 5.95, 5.90, duk da kyakkyawan rubutun nan naka.

Ka ce kowa ya sani. Wane kowa? Mutum nawa suka rage a duniya da suka san wannan? Babu inda aka rubuta shi, ko a bangon littafin. Shekara huɗu na ɗora a kan lambobin nan, ashe wasu da ka aka rubuta su. Me ya sa babu wanda ya faɗa mini?

Ka rubuto mini ranakun da ka yi da fensir, ɗaya bayan ɗaya. Kuma ka faɗa mini gaskiya, ina ruwan ya kai?

Uwarka.


8 ga Maris

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna, da fatan lafiya ce ta kawo shiru. Ni jikina lafiya, abinci ne dai ba ya shiga.

Yau wata guda babu amsa. Na kira Inna sau uku. Sau biyu ta ce kana hutawa, na ukun ta ce ka ce za ka rubuto, ta kashe kafin in buɗe baki. Na san abin da na yi. Na sake tuna kalmomin da na aiko maka na ji kunya ta rufe ni. "Da ka aka rubuta su." "Ka faɗa mini gaskiya." Kamar ina magana da wanda na kama da sata. Ba haka nake nufi ba, tsoro ne ya sa ni. Ka yi mini faɗa, ka ce ba ni da kunya, amma kada ka yi shiru.

Na je wurin Farfesa da wasiƙarka na fassara masa layin. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Nawa ne ainihin tsayin?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Kwana nawa ne?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To me kike so in gaya wa kamfani? Cewa wani dattijo ya ambaci fensir a wasiƙar gida?" Ba mugu ba ne, Kawu. Ɗalibai uku da ke bayana da kuɗin wannan aikin suke karatu, kamfani kuma ya ce in rahoto bai isa ran sha biyar ga watan nan ba, za su ba wata jami'a aikin, domin ana son a fara gini kafin damina. Ya ce mu ƙara layi ɗaya a ƙarshen rahoton, cewa tsohon awo yana iya ɗaukar ɗan kuskure. Irin layin nan da babu mai karantawa.

Na gwada kogin da lambobin da na ƙirƙira. In ruwan ya haura sandarka da taku ɗaya, katangar ta tsaya. In rabin mita ne, da ƙyar. Sama da haka ban yarda na gwada ba.

In na sa hannu, na sa ne a kan abin da ban yarda da shi ba. In na ƙi, babu hujjar da zan nuna, babu kundi, babu ashirin ga Afrilu, sai in tattara kayana in dawo wa Mama da ɗinkinta hannu rabbana. Kullum sai in sauka ɗakin nan in zauna, in buɗe rahoton in rufe, in sake buɗewa. Wadda teburinta ke kusa da nawa ta tambaye ni ko an yi mini rasuwa.

Saura kwana bakwai. Na san wannan ba za ta kai ka har amsa ta dawo kafin nan ba. Na rubuta ne don ba ni da wanda zan faɗa wa.

Uwarka, mai neman gafara.


6 ga Maris

Uwata,

Gaisuwa daga ni da Innarki. Za ki ga rubutun ba nawa ba ne. Ita ke rubutawa ni ina faɗa, saboda an yi mini aikin yanar ido farkon watan jiya, ido biyu, ɗaya bayan ɗaya. An samu nasara, sai dai likita ya hana ni karatu da rubutu tukuna. Ni na hana a gaya miki don kada hankalinki ya rabu biyu. (Ni kuma ban iya ƙarya mai tsawo ba, shi ya sa nake kashe wayar. Ki yafe ni. Inna.)

Wasiƙarki ta gaggawa ta yi sati biyu a kan rediyo ba a buɗe ba. Cewa na yi ni zan karanta abata da sabon ido. Da na gaji da jira na ce ta karanta mini, sai na gwammace ban ji ba. Ta yi mini zafi. Kwana uku ban ce uffan ba. (Huɗu ne.) Shekara talatin da ɗaya babu wanda ya taɓa ce mini in faɗi gaskiya a kan awo, sai uwata. Amma da na huce na ga tambayarki tana kan hanya. Wane kowa? Na ƙirga mu, mu shida muka yi aikin nan a kogin, biyar suna ƙasa.

Ga abin da kika tambaya. An sauko da littattafan daga saman sif. Fensir yana nan jefi-jefi, kwana ɗaya nan, biyu can, ranakun da laka ta shafe sanda ko ciyawa ta naɗe ta. Waɗannan ba za su dame ki ba. Na shekarar ambaliya kwana tara ne a jere, daga sha ɗaya zuwa sha tara ga watan takwas. Kwana taran nan ban ga sanda da idona ba. Ruwa ya shanye ta, ya shanye matakala, a kan gada nake tsayawa ina kallo. Na je ofis na ce ya wuce shida. Oga ya ce ba a rubuta lambar da babu ita a jikin sanda, in sa abin da ke ƙasa da shida da fensir, in an kafa doguwar sanda sai a gyara. Ba a kafa ba. Shi ya yi ritaya, ni ma na yi.

Amma hankalina bai kwanta ba a lokacin. Ranar da ruwa ya kai ƙarshen hawansa na shiga kwalekwale na je tsohon gidan famfo, na buga ƙusa a bango daidai fuskar ruwa. Shekaranjiya na sa aka kai ni. (Likita ya ce kada ya fita, ya fita.) Ƙusar tana nan, ta yi tsatsa. Wani tsohon safiyo abokina ya zo da na'urarsa muka auna daga gindin sanda. Mita bakwai da arba'in.

Ban so in jefa ki cikin wannan ba, sai na ce bari in kai maganar da kaina. Jiya na ɗauki littafin shekarar na je hukumar ruwa. Mai gadi bai san ni ba. Na yi awa uku a benci, ƙarƙashin hoton gadar da na yi rabin rayuwata a gindinta. Wani injiniya mai ladabi ya fito ya saurare ni a tsaye, ya juya littafin, ya ce, "Baba, sannu da ƙoƙari. Yanzu ba da ƙusa ake aiki ba. Rahoton masana muke jira daga waje, na kwamfuta, abin da ya ce shi za a bi." Ban gaya masa ni na koya wa masaniyar karatun agogo ba.

To kin ga yadda abin yake. Bakina ba ya kaiwa, naki ne yake kaiwa. Ba zan ce ki yi kaza ba, na san abin da shekara huɗu take nufi. Lambar dai ga ta nan, kuma da biro aka rubuta ta.

Kawunki.


21 ga Maris

Kawu,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya ƙara wa idon haske. Inna, babu abin yafewa, ni ce ma zan roƙa. Lafiyata ƙalau.

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Taka ta iso ran sha tara. Ni kuwa na sa hannu ran sha biyar, ƙarfe huɗu saura, Farfesa yana tsaye a kaina da jakarsa a hannu. Laifina ne. A ta gaggawar na tsaya zuba faɗa ban rubuta maka ranar miƙa rahoton ba, da ka san akwai sauri.

Na sauka ɗakin aiki da wasiƙarka na sa 7.40, na zauna ina kallo. A allon kwamfuta ruwa shuɗi ne. Ya cika kogin, ya hau katangar mita shida da rabi, ya tsallake ta ta wajen kasuwar katako, ya bi layin asibitin haihuwa, ya shiga layinku. Ni na zana titin nan da hannuna, na san wane ɗan akwati ne gidanka. Lissafin ya ce cikin awa biyu ruwa zai kai ƙirjin babban mutum a tsakar gidan. Injin bai yi kuskure ba, Kawu. Abin da na koya masa yake ta maimaita mini shekara huɗu.

Na kai wa Farfesa. Ya duba lissafin. Ya ce ya yarda da ni, amma ƙusa a bango sai an tabbatar da ita, a tura mutane su auna a hukumance, wannan kuwa aikin wata shida ne. Ya ce in kare kundina tukuna in karɓi takardata, sannan mu rubuta gyara a natse. Na ce kafin nan an zuba kankare. Ya ce, "Kin san abin da zai faru in kika janye?" Na ce na sani.

Jiya na rubuta wa kamfani da hukumar ruwa cewa na janye sa hannuna, na haɗa da sabon lissafin da kwafin wasiƙarka. Yau da safe sashenmu ya sanar da ni an ɗage kare kundin, babu sabuwar rana. Ɗaliban nan uku sun daina ɗaga kai in na shigo. Ba na jin na yi wata jarumtaka. Ji nake kamar an kulle ni a ɗaki an tafi da makulli. Ba zan iya gamawa ba, kuma ba zan iya tafiya ba, don in na tafi babu mai amsa tambayar kamfani in sun yi ta. Har yanzu ba su yi ba. Saƙo ɗaya ne ya dawo, na inji, wai an karɓa.

Ga abin da nake roƙo. Ku ɗauki hoton ƙusar da tef ɗin awo a jikin bango, abokinka safiyo ya rubuta awonsa ya sa hannu. Kada kowa ya taɓa bangon nan, don in mutanen hukuma za su auna, can za su je, ba mu da wata hujja bayanta. Mama kuma ku bar ni da ita, ni zan faɗa mata.

Uwarka.


7 ga Afrilu

Uwata,

Da hannuna nake rubuta wannan, ki yi haƙuri da karkacewar layi. Ido ya buɗe, har na ga ashe Innarki ta tsufa ban sani ba, ta ce ni ma in nemi madubi. Muna lafiya.

Duka biyun sun iso, ta neman gafara da ta bayanta. Ta farko babu abin yafewa a ciki. Ta biyu na karanta na ajiye, na fita tsakar gida na tsaya, na sa hannu a ƙirjina inda kika ce ruwa zai kai. Ni na jawo miki wannan. Da na ƙi bin maganar oga a shekarun nan, da yanzu rigar digiri kike gwadawa. Abin yana cina, kuma ba zai bari ba.

Ga hoto, ga takardar safiyo. Mahaifiyarki ta ji, ba daga bakinmu ba, shirunki ne ya gaya mata. Ta zo ta yi kuka, ta zage ni, ta zagi kogin, sannan ta tambaya ko kina cin abinci. Ki kira ta.

Yanzu ga abin da ya sa na aiko ta gaggawa. Ma'aikata sun iso. Sun kafa turaku da jan ƙyalle a bakin kogi, na duba alamar da ke jikin ɗaya, shida da rabi ne. Na tambayi shugabansu ko wata takarda ta zo daga waje, ya ce shi zane aka ba shi, zane kuma bai canza ba. Gidan famfo yana kan layin katangar. Ya ce tun jiya ma ya kamata a rushe shi.

Na koma hukumar sau biyu, injiniyan nan yana taro. Saboda haka na daina zuwa. Na kai kujerata gidan famfo na ajiye ta ƙarƙashin ƙusar, can Innarki take kai mini abinci. Da sassafe nake isa, kafin direban katafila. Mutumin kirki ne, yana gaishe ni da girmamawa. Ya ce shi ba zai ture bango da tsoho a jikinsa ba, amma an gaya masa ran Litinin da 'yan sanda za a zo.

Ki sake rubuta musu, Uwata. Ki kira, ki buga ƙofar duk wanda za ki iya kaiwa gare shi. Ni zan zauna iyakar zaman da aka bar ni in yi.

Kawunki.